Na Gida

Inna tana kasa dankalin turawan shagonta gida biyu: na sayarwa da na gida. Na gida shi ne wanda rana ta taɓa ya yi kore, ko ya fara tsiro. Kullum da yamma takan zubo shi a kwando ta kawo wa 'ya'yanta mata biyu. Haka aka yi har lokacin da Auta take da cikin fari, ba ta iya cin komai sai dafaffen dankali da gishiri.

Yaron ya zo da buɗaɗɗen baya, ƙashin bayansa bai rufe ba. An yi masa aiki ya rayu, amma ƙafafunsa ba sa motsi. Yanzu Auta ta sake samun ciki.

Yaya, babbar 'yar, a ɗakin magani na asibiti take aiki. Ta sayo wa Auta ƙwayar folik asid mai rage haɗarin irin wannan lahani, ta tsaya a kanta har ta haɗiye. Wannan mai sauƙi ne. Kwandon ne ya dame ta. Ta karanta cewa koren dankali yana da wata guba mai ɗaci, an gwada ta a kan dabbobi masu ciki an ga lahani a 'ya'yansu. A kan mutane kuwa ba a tabbatar ba. So take kwandon ya daina shigowa, ba tare da Inna ta ɗora wa kanta laifin jikanta ba.

Sai ta fara zubar da koren a ɓoye. Ba a jima ba Inna ta kama ta a bakin bola.

"Ke, kin samu taɓin hankali ne? Abinci fa!"

"Ya lalace, Inna."

"Da shi na raine ki, ga ki nan ƙatuwa kamar buhu."

Auta tana zaune a ƙofar kicin tana canza wa yaron nafkin. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, ki faɗa mata mana. Ni na ga abin da kike karantawa a waya."

Inna ta dubi yaron, ta dubi kwandon. 

"Shi ne ya yi masa haka?"

"Ba a sani ba. Wataƙila."

"Wace wataƙilar? Ubanku in ya ce wataƙila, a'a yake nufi. Likita in ya ce wataƙila, eh yake nufi. Ke wacce ce taki?"

"Tawa wataƙila ce kawai, Inna. Mata da yawa sun ci ba abin da ya same su. Wasu ba su ci ba sun haifi irinsa."

"Ai kin yi aiki da likitoci kin daɗe," in ji Inna.

Ta karɓi kwandon ta juye sauran da hannunta, ta buga gindinsa har ƙasar ciki ta zube.

Washegari ta dawo daga shago da dankali masu kyau, na sayarwa. Ta fere su da kauri, rabin kowane ya tafi a ɓawo. Sai ta miƙa wa Yaya wuƙar.

"Daga yau ke za ki riƙa dafa mata."

"Inna, ban ce..."

"Na ji abin da kika ce."

Ta ɗauki yaron ta fita tsakar gida da shi. Yaya da ta kwana biyu ba ta huta ba ta ɗora tukunya, ko rigar aiki ba ta cire ba.

Auta ta ci loma biyu ta ture kwanon.

"Ba irin na Inna ba ne," ta ce.

"Ci haka nan."