Tsamiyar da Na Sare da Hannuna

Shekara goma sha tara ina zana layin filin ƙwallonmu da toka, ban taɓa fashi ba sai makon da mahaifiyata ta rasu. Sunana Ɗantsoho, gyaran babur nake yi a bakin tashar Zango. Duk wanda ya san ni ya san idan la'asar ɗin Asabar ta yi, ko babur ɗin ɗan hakimi ne ya mutu, sai dai ya jira Lahadi.

Filin yana bayan gari, hanyar gonaki. Ƙungiyarmu tana da sunanta na takarda, amma ba mai kiranta da shi. 'Yan Tsamiya ake ce mana, saboda wata tsohuwar tsamiya da ke bakin layi ta yamma. A gindinta muke zama, wasu a kan saiwoyi, wasu a tabarma, matasa kuma su ɗare rassa. Idan rana ta karkata, inuwarta ta kan rufe mu duka har ta shiga fili. Nan masu rake da masu awara da mai ƙanƙarar zoɓo suke baje kolinsu. Nan abokina Maliki yake zama da kalangunsa. Maliki mahauci ne, bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, amma ya fi kowane koci sanin wanda ya kamata a cire, kuma ba ya ɓoye wa kowa.

Wani babban reshe ya leƙo cikin filin. 'Yan wasanmu sun san shi, ba sa ɗaga ƙwallo ta wannan gefen. Baƙi kuwa su yi ta dirka ta sama, reshen ya tare, ta faɗo gaban yaranmu. Daga nan labari ya bazu har Dutsi da Mai'aduwa cewa aljanun tsamiya ne suke buga mana. Mu ma ba mu taɓa ƙaryatawa ba. Me zai sa mu ƙaryata abin da ke sa golan baƙi rawar ƙafa tun kafin a busa usur?

Maganar toka kuwa, ba mu da farin fenti irin na manyan filaye, don haka matan unguwa suke tara tokar murhunsu mako guda. Safiyar Juma'a sai ka ga kwanuka jere a ƙofar gidana. Matata Rabi ta tankaɗe ta da rariya, ta fitar da gawayi, ni kuma in zuba a gwangwanin da na huda, in ja igiya, in bi ta a sunkuye. Rabi ba ta taɓa zuwa kallo ba, amma da na shigo gida abin da take fara tambaya shi ne, "Malam, layin ya fito?" Sai daga baya ta tambayi wa ya ci.

Bara, bayan an gama girbi, muka yi abin da ba mu taɓa yi ba. A wasan ƙarshe na gasar jiha, saura minti uku a tashi, kyaftin ɗinmu Ikrima ya sa kai ya jefa ƙwallo a raga, muka samu hayewa zuwa rukuni na gaba. Ikrima yaron unguwarmu ne, a bayan babur ɗina ya je wasansa na farko a Daura, yana rungume da takalmansa a leda. Ranar nan na yi kuka a gaban mutane, ni da furfurata. Maliki ya kaɗa kalangu har fatar ta yage.

Mako biyu da haka Alhaji Maiturare ya tara mu a gindin tsamiya. Shi ne mai ƙungiyar, filin ma gadon mahaifinsa ne. Ya zo da takarda a hannu.

"Jama'a, mun hau, amma akwai sharaɗi," in ji shi. "Masu gasa za su turo a duba fili. Sai an kewaye shi da katanga, kuma kada wani abu ya leƙo cikin wurin wasa. Idan filin bai ci jarrabawa ba, ba za a tabbatar mana da gurbinmu ba. Ni dai burina mu ci gaba da buga wasa a nan, a gabanku."

Duk muka ɗaga kai muka dubi reshen. Wani ya ce a sare reshen kawai. Alhaji ya girgiza kai, ya ce gindin ma ya yi kusa da layi, sai dai a sare ta duka.

Katangar ba ta ba mu wahalar shawara ba, gayya muka kira. Wata biyu cur, kullum bayan sallar asuba, muna kwaɓa ƙasa, muna yin tubali, masu amalanke suna jigilar ruwa. Maginan gari suka yi aikin ba su karɓi komai ba. Mata suna aiko da kunu da ɗumame. Alhaji ya kawo ƙyauren ƙarfe, muka kafa shi muna ta murna.

Tsamiya ce ta gagara. Masu saran itace uku aka kira, kowa ya zo ya kewaya ta, ya ce yana da uzuri. Ba wanda yake son ya ɗora wa tsamiya gatari, balle irin wannan da ta girmi kakan kowa. Saura kwana shida masu duba fili su zo, Alhaji ya same ni a wurin aikina, ya zauna a kan bencina mai baƙin mai da farar shaddarsa.

"Ɗantsoho, kai ne uban filin nan. Idan kai ka fara, kowa zai bi. Idan ka ƙi, shi ke nan, mun rasa."

Na kwana biyu ina juya maganar. Rabi ta ce, "Malam, ka bar musu. Ba kai ka shuka ta ba." Na ce mata ba ta fahimci ƙwallo ba. Haka na faɗa mata, kuma har yau kunyar maganar nan nake ji.

Safiyar Talata na yi bisimilla na kai sara na farko. Itacen tsamiya tauri gare shi, gatari ya riƙa dawowa yana girgiza mini kafaɗa. Da mutane suka ga ban faɗi na mutu ba, sai suka shigo. Yini biyu muna yi. Da aka zo jan igiya, 'yan wasanmu suka kama, Ikrima ne a gaba yana ba da murya. Da ta faɗi, ƙasa ta motsa har ƙarƙashin ƙafafuna, wurin ya yi tsit, sai tsuntsaye da ke ta kewaya sama. Maliki ya juya baya yana goge ido da hularsa. Ikrima ya dafa ni ya ce, "Sannu Baba, Allah ya saka."

Itacen muka faskara muka raba wa matan da ke ba mu toka, gidana ma aka jibge kaso guda. Masu duba fili suka zo, suka auna, suka yaba, suka sa hannu. Har ɗaya daga cikinsu ya tsuguna ya taɓa layina, ya tambayi wa ya zana shi haka a miƙe.

Bayan ƙaramar Salla aka kwashi 'yan wasa zuwa Katsina, aka ce horo na musamman za su yi. Maliki ya samo jadawalin gasa a wayarsa, wasanmu na farko a gida ne, ranar Asabar. Juma'ar nan kwanukan toka suka cika ƙofar gidana, duk ta itacen tsamiya ce, fara sol, mai laushi. Ban taɓa zana layi mai kyan na ranar ba. Ina yi ina ce wa kaina, ai ga shi tsamiyar ba ta bar filin ba.

Asabar tun azahar mutane suka fara shiga. Bazara ce, rana kamar ta fasa kai, ga shi babu inuwa ko ta tafin hannu. Tsofaffi suka yafa rawani, mai ƙanƙarar zoɓo ya sayar da kayansa kaf kafin la'asar. Ba wanda ya yi ƙorafi. Maliki ya sa wa kalangunsa sabuwar fata, yana ta zuba kirarin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Muka yi sallar la'asar a cikin filin, muka zauna muna kallon ƙofa.

Ƙarfe huɗu ta yi, babu motar 'yan wasanmu, babu ta baƙi, babu alƙalin wasa. Aka kira Alhaji, wayarsa a kashe. Huɗu da kwata Maliki ya kira Ikrima, ya yi sa'a ya ɗauka. Na ga fuskar Maliki ta canza, sai ya miƙo mini wayar.

"Ikrima, kuna ina? Mota ce ta lalace?"

"Baba Ɗantsoho..." Ina jin hayaniyar 'yan kallo a bayansa. "Muna Katsina, yanzu za mu shiga fili. Na ɗauka Alhaji ya gaya muku."

"Ya gaya mana me?"

"Ya sayar da gurbin, Baba. Wani ɗan kasuwa ne a nan ya saya, an canza suna, an canza fili. Mu ma da mu aka haɗa."

"To katangar fa? Tsamiyar fa?"

"Mai sayen ya ce ba zai karɓa ba sai takardu sun cika. Sai an amince da filinmu tukuna gurbin zai tabbata, daga baya shi ya nemi canji."

Na tambaye shi abu ɗaya da nake tsoron jin amsarsa. "Kai yaushe ka sani?"

Ya ce, "Tun kafin a fara tubali aka sa mu sa hannu. An ce kada mu faɗa. Baba, ka yi haƙuri, ana kiranmu."

Ya kashe. Na tsaya da waya a hannu, ina tuna muryarsa ranar da yake cewa a ja igiya. Mutane sun kewaye ni suna jira. Ban iya faɗa musu ba, Maliki ne ya faɗa. Wasu suka yi ta zagi, wasu matasa suka ce a je a rushe katangar, wani tsoho ya ce, "Ku rushe me? Guminku ne." Daga nan kowa ya naɗe tabarmarsa. Suna fita suna tsallake layina, ba wanda ya taka, don shekara da shekaru na hana su taka shi kafin wasa.

Washegari na je gidan Alhaji. Na same shi a zaure yana shan fura, ya yi mini maraba kamar ba abin da ya faru.

"Alhaji, ka zauna a bencina ka ce ni ne uban filin nan."

"Har yanzu kai ne, Ɗantsoho. Wa ya ɗauke maka fili? Ka san abin da rukunin nan yake ci? Tafiya har kudu, masauki, abinci. Ƙarfina bai kai ba. Yaran nan kuma na sama musu gaba, ko ba ka so Ikrima ya ci gaba?"

"Da ka faɗa mana gaskiya."

"Da na faɗa, za ku gina katangar?"

Ya faɗe ta yana kallon idona, ko kunya babu. Na so in yi masa rashin mutunci, wallahi na so, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Da ba zan sare ta ba." Ya ce in yi haƙuri, itace ne, a shuka wani. Na tashi ban yi masa sallama ba.

Juma'ar da ta biyo baya kwanuka biyu kawai aka ajiye a ƙofata, na wasu tsofaffi da labari bai kai musu ba. Rabi ta tsaya da rariya a hannu tana kallona. Ban san abin da ya kai ni ba, na karɓi tokar na nufi fili. Na tarar da ƙaton kwaɗo a jikin ƙyauren da muka kafa. Na leƙa ta kafar ƙofa, sai ga ragunan Layya na Alhaji, sun fi hamsin, an zuba musu harawa a gidan gola. Katangarmu ta yi masa garke mai kyau. Rabinsu sun taru a jikin kututturen tsamiya suna haki, suna neman inuwa.

Na zubar da tokar a bakin ƙofa na dawo gida. Rabi ba ta tambaye ni ko layi ya fito ba. Tana tsugune a murhu tana tura wani guntun icen tsamiya ƙarƙashin tukunya, hayaƙin ya cika tsakar gida.

Na ce, "Rabi, don Allah ki daina dafa mini tuwo da icen nan."

Ta dubi tulin icen da ke jingine da bango, ya kusa kai tsayina, sannan ta dube ni.

"Malam, shi kaɗai ne a gidan. Kuma zai kai mu har damina."