Gafir Ladan da Hanyar Wuta

Ranar da hukuma ta ba Ladan kaki da hula, ya ɗauki hauyarsa ya wurga bisa rufin ɗaki, ya rantse gaban matarsa Sharifa cewa shi da duƙawa sai dai a sallah. An yi shi gafir, wato mai gadin dajin hukuma da ke tsakanin ƙauyensu da kogi, can wajen Abu Na'ama. Daji ne na tsofaffin bagaruwa, kogi ya shige shi da damina, ya janye da kaka, ya bar baƙar laka mai taushi. Hukuma na tanadin itatuwan don katakon layin dogo, ta kuma ce birai da zabi da gadu da ke ciki amana ce a wuyan Ladan, kada wanda ya taɓa su.

Wannan rabin aikin Ladan ya iya shi har ya wuce misali. Ya kwashe tarkunan mutane, ya kori awakin surukarsa, yana tafe yana gyara zaman hula. Ɗaya rabin ne ya tsaya masa a maƙoshi. Kowace shekara, da zarar ruwa ya janye, sai an share hanyar wuta, fili mai faɗi kewaye da daji, tas ba ko tsinke, don in gobara ta taso daga gonaki ta iso nan ta rasa abin ci. Mufattishi, jami'in daji da ke zuwa dubawa daga Sinja, ya faɗa masa da Larabci ƙarara cewa in babu hanya babu kaki. Ita kuwa hanya da hauya ake yin ta.

Ladan ya tafi wurin Mati, sarkin noman ƙauyen, neman gayya.

Mati ya ce, "Kai da ka amshe muna tarkuna? Ka kira biranka su yi maka gayya, ya zol." Wato kai mutumin nan, da Larabcin garin.

Ladan ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ni ban zo roƙo ba. Laka ce dai na gani, sabuwa, yatsa na nutsewa cikinta. Na ce kaico, ƙasa irin wagga ta kwana banza. Ga shi kuma idanuna ciwo sukai da kaka, ba ni ganin nesa."

Mati ya haɗiye yawu.

Ran Asabar ganga ta tashi. Samari suka jeru, makaɗi na zuga su, kafin la'asar hanya ta fito fes, Ladan na tsaye a inuwa yana nuni da sanda. To, amma manominmu ya ga ƙasa mai danshi a share, a ce masa ya bar ta haka nan ya tafi gida? Ba zai iya ba, ko ɗaure shi aka yi. Bayan masu hauya sai ga masu sungumi, bayansu ga mata da ƙoren iri. Ladan ya juya baya yana duban kogi, ciwon ido ya motsa.

Dawa ta yi kyau abin har da ban haushi. Ta kewaye daji kamar darni, birai suka samu walima a ƙofar gida. Su karya kara, su tsotsa, su yar, su zauna suna kallon masu gonar, su kuma ba damar jifa saboda doka. Zabi suka yi ƙiba, gaduna suka yi ta tono. Abin da ya rage mutane suka girbe, suka bar karan a zube, don duk birai sun kakkarya shi, ba ya zana ba ya shinge.

Da rani ya kama, Ladan ya fita zagaye, ƙafarsa na taka kara yana ƙaras-ƙaras, sai ya tsaya cak. Hanyar da aka yi don ta kashe wuta ta zama makamashi, tun daga bakin gonaki har gindin bagaruwa. Ga labari ya zo an yi sabon mufattishi, yana tafe cikin makon nan.

Sharifa ta ce, "Malam, idon ya warke ke nan? Hauyarka na nan, na sauko da ita tun tuni, ina kwasar toka da ita."

Bai kula ta ba. Ya ruga wurin Mati ya ce a kwashe karan nan maza. Mati ya ce, "Halas, shi ke nan, kwantar da hankalinka. Yadda muka yi ma kowace gona haka za mu yi mata." Ladan ya dawo gida da murna, bai tsaya tambayar yadda ake yi wa kowace gona ba, shi da ya girma a gona.

Da hantsi ya hango hayaƙi. Su Mati sun tara karan tsibi-tsibi sun cinna masa wuta, kamar yadda ake yi a sharar gona tun kakanni. Iska ta juya, wuta ta tsallaka cikin busasshiyar ciyawar da ke ƙarƙashin itatuwa. Zabi suka tashi fir, birai suka haye ƙololuwa suna ihu. Ladan ya ji tsoro na gaske, har da tausayin tsofaffin itatuwan nan da bai san yana ƙaunarsu ba. Ya tuɓe rigar kaki ya shiga bugun wuta da ita har ta zama tsumma, hula ta faɗa cikin garwashi. Sharifa ta iso da gudu ta danƙa masa hauya, ya karɓa bai ko duba ba. Shi da Mati da samari suka sha gaban wutar, suna kafta suna watsa mata ƙasa, har ta mutu bayan ta lashe kusurwa guda.

Suna cikin haki sai ga mota. Sabon mufattishi ya sauko, saurayi mai gilashi. Ya dubi toka, ya dubi kututturen dawa a jere, ya tambaya da Larabci, "Ina gafir?"

Ladan na tsaye daga shi sai wando baƙi ƙirin, fuska duk gawayi, hauya a hannu.

Ya ce, "Janabu, ranka ya daɗe, tun da wuta ta tashi ba mu ga kakinsa ba."

Mati ya kama tari.

Mufattishi ya ce, "A gaya masa an kore shi. Kai kuma na hango ka tun daga mota, kai ke gaba. Sunanka?"

"Ladan."

"Shi ma gafir ɗin ba Ladan ba ne?"

"Janabu, garin ga Ladan yawa gare mu."

Mufattishi ya ce to daga yau shi ne gafir, kaki zai iso. Har ya sa ƙafa a mota ya waiwayo ya ce, "Wancan na ji an ce gayya yake kira, ga abin da ta haifar. Kai tunda ka iya hauya, kai kaɗai za ka riƙa share hanyar nan, kowace shekara zan zo in duba tafin hannunka."

Mota ta tafi. Ladan ya dubi hanyar, ta miƙe ta sha kwana bayan itatuwa, ba a ganin ƙarshenta. Sharifa ta matso ta ce, "Barka da sabon aiki, Malam. In mai da hauyar bisa rufi, ko ka riƙe?"