Burodin Bahago a Jar Leda

Maƙwabciyarta mai ɗinki ce ta kawo maganar, tana leƙe ta kan katanga da zare a bakinta.

"Malama, kin ji wai gidajen burodin nan biyu na bakin titi duk na mutum ɗaya ne?"

Malama ba ta bar shanyar da take yi ba. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da lissafi kafin ta yi ritaya, kuma ba ta taɓa ba da maki ga amsar da ta fara da "wai" ba.

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen ba su da suna?"

"Kai, Malama! Ƙanwar mijin wata da nake yi wa ɗinki ce ta ji a mota."

"To ai magana ta tabbata, tunda a mota aka ji."

Mai ɗinki ta yi tsaki ta sauka. Malama ta matse zanen ƙarshe ta shanya, sai dai maganar ta ƙi barin kunnenta.

Gidajen biyu suna kallon juna ne, titi kawai ya raba su. Ba mai kiran su da sunan da ke kan allo, Ja da Kore ake ce musu saboda launin ledarsu. Shekara guda ke nan suna yaƙi. Ja ya rage farashi, Kore ya rage. Kore ya kafa lasifika a ƙofa, Ja ya kafa biyu. Har wani masani ya shiga rediyo yana cewa irin wannan gogayya ita ce gatan mai saye, ita ke sa ma'aikaci ya zage damtse. Malama ta saurare shi tsaf, ta ce da alama wannan bai taɓa tsayawa gaban tanderu ba.

Autanta, wanda kowa ke kira Bahago, shi ke gashi a Kore. Jiya da yamma ya shigo mata da takarda daga manaja. Za a soke ranar hutu, a ƙara awa biyu kullum, albashi kuwa yana nan yadda yake. Wanda bai sa hannu ba zuwa ƙarfe huɗu na yau, ya nemi wani wurin.

"Mama, in ba mu yi ba Ja za su cinye mu, a rufe gidan. 'Ya'ya uku gare ni."

Ta kalli tabon ƙuna a damtsensa, sabo kan tsoho. Kafin ta haɗa amsa barci ya sace shi a zaune, da cokali a hannu.

Don haka ta ɗauki mayafi da jaka ta fita. Ba don ta yarda da mai ɗinki ba, sai don ba ta yarda da manaja ba, kuma dole ɗayansu ya fi ɗaya ƙarya.

Ta fara sayen babban burodi guda a Kore, ta tsallaka titi ta shiga Ja. Mai sayarwa ta hango koriyar leda a bakin jaka ta riƙe haɓa.

"Mama! Da kayan abokan gaba kika shigo mana?"

"Sulhu na zo yi. Ba ni babba ɗaya."

"In kika ci namu ba za ki sake kallon wancan soson wanka ba."

"Haka su ma suka ce da naku."

A gida ta share tebur, ta ɗauko tsohon gwangwanin da take ajiye burodi. Bara sai ta danne murfin yake rufuwa. Ta sa na Kore, ya bar sararin yatsa biyu. Ta sa na Ja, yatsa biyu cif. Ta ɗora su a sikelin kicin ɗaya bayan ɗaya, allurar ta tsaya wuri guda. Ashe ragin da ake ta yi wa shela da lasifika daga jikin burodin aka yanko shi. Amma wannan bai nuna mai gida ɗaya ba ne. 'Yan kasuwa biyu za su iya koyon rowa iri ɗaya ba tare da sun taɓa gaisawa ba.

Ta juya na Ja za ta yanka, sai wuƙar ta tsaya a hannunta.

A gindin burodin, a kusurwar hagu, akwai ɗan rami kamar an danna babban yatsa. Ta san wannan ramin. Duk mai gashi idan ya naɗe ƙullu yakan danne bakin naɗin don kada ya buɗe a wuta, na kowa yana faɗawa a dama, na autanta a hagu. Ita ce ta je makarantarsu sau uku tana faɗa da malamin da ke dukan sa don ya koma rubutu da dama. Hannun nan ta san shi kamar nata.

Ta juya na Kore, gidan da yake aiki. Raminsa a dama yake.

Ta zauna. Sannan ta ce wa kanta, ai ba ita kaɗai ta haifi bahago a duniya ba. Ta mayar da kowane cikin ledarsa ta sake fita.

Wannan karon ta bi ta lungun bayan Ja, inda ake sauke fulawa. Wani dattijo na zaune kan bokiti a bakin ƙofa, gashin girarsa fari fat da gari, yana fifita da kwali.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu. Ta gaba ake saye."

"Tambaya na zo yi. Ku nawa ne masu naɗin ƙullu a nan?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Daga hukuma kike?"

"Da wannan silifas ɗin?"

Ya yi dariya har da tari. "Mu huɗu ne. Da mu shida ne, gogayya ta ci biyu."

"Akwai bahago a cikinku?"

"Babu. An taɓa yin wani, ya bari tun kafin a sake wa gidan fenti. Me ya faru?"

Sai idonta ya sauka kan wata takarda da ta leƙo daga aljihun rigarsa. Ta roƙe shi ta gani. Ya miƙo mata, ya ce dama idonsa ba ya ɗaukar ƙananan rubutu, ta taimaka ta karanta masa. Ta sa tabarau. Soke ranar hutu. Ƙarin awa biyu. Ƙarfe huɗu na yau. Jimla bayan jimla irin ta jiya ce, sai dai inda waccan ta ce Ja, wannan ta ce Kore.

"Waɗancan 'yan Koren ba su da imani," in ji dattijon. "Su suka fara. An ce har sun riga sun sa hannu tun jiya, suna murna."

"Wa ya ce?"

"Manajanmu."

"Baba, a ina ake sa wa burodinku leda?"

"Da a nan muke yi. Yanzu mota ke kwashewa da zafinsa ta kai wurin injin sa leda, ta dawo da shi a naɗe. Ga ta can ma."

Wata farar mota marar rubutu ta shigo lungun da baya. Direba ya buɗe ƙofa ɗaya kawai, ya fara sauke kwanduna masu jar leda. Malama ta matsa kamar mai neman inuwa, ta jingina da ɗaya ƙofar, ta leƙa. Can ciki, bayan wani tsohon tamfol da bai gama rufe su ba, kwanduna ne jere har rufi, duk koriyar leda.

"Hajiya, matsa mana, kar kwando ya buge ki."

"Waɗancan na ciki fa, na ina ne?"

Direban ya ja tamfol ɗin da ƙafa. "Ni tuƙi aka ɗauke ni."

"Wa ke biyan ka, Ja ko Kore?"

"Mai gida ke biya na."

"Wanne daga ciki?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi rana nawa ce a sama. "Su nawa ne da?" Sai ya ankara, ya rufe ƙofar da ƙarfi ya shige mota.

Ta tsaya ta ga motar ta fita. Motar ba ta tsallaka titi kai tsaye ba, sai da ta zagaya ta bayan gidan mai, ta ɓace, can ta ɓullo a lungun Kore.

Huɗu saura kwata Malama ta tura ƙofar baya ta Kore, dattijon na biye da ita, ya ce shi ma sai ya gani da idonsa. Zafi ya dake ta a fuska. Masu gashi biyar sun kewaye teburin naɗi, manaja na tsaye da takardu yana bayani.

"Ku gane, ba ni ba ne, kasuwa ce. 'Yan Ja sun sa hannu tun jiya. Gogayya ce, kuma a ƙarshe kowa zai amfana, ku da masu saye."

Biro na hannun hagun Bahago. Ya ɗago ya gan ta.

"Mama, lafiya? Me kike yi a nan? Wannan dattijon kuma ba na Ja ba ne?"

"Hajiya, nan wurin ma'aikata ne," in ji manaja.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta buɗe jaka ta zaro burodin jar leda, ta zare ledar a gaban kowa, ta kifa shi kan takardar.

"Sa yatsanka a nan."

Bahago ya ajiye biron. Ya kalli ramin, ya kalli ledar, ya ɗora babban yatsansa na hagu. Yatsan ya zauna daram a ramin. Dattijon ya ciro takardarsa daga aljihu ya shimfiɗa ta kusa da tasu, babu sa hannu a kanta.

"A Ja na saye shi da safe," in ji Malama. "Kai ka gasa shi. Mota ɗaya ce, takarda ɗaya ce, mai gidan ɗaya ne."