Baftisma da Butar Malam Osumanu

Zelia ta riga ta jawo duk abin da ke ƙarƙashin gado: tsofaffin takalma, kular da murfinta ya ɓata, buhun yadin mutanen da suka kawo ɗinki suka manta da shi. Littafin dai babu shi. A kan gadon kuwa, mahaifinta na kwance, numfashinsa na fita da ƙyar, amma idonsa ɗaya a buɗe yana kallon yadda take hargitsa ɗaki.

Tsohon nan ya haura tamanin, kuma tun da ya baro garinsu Nandom ya sauka unguwar Maamobi a birni babu wanda ya ci nasara a kansa. Masu coci sun yi, masu masallaci sun yi, duk ya shanye shayinsu ya koma ga kajin da yake yanka wa kakanninsa. Matarsa, uwar Zelia, ta shekara talatin tana masa addu'a har ta mutu ba ta ga komai ba. Sai yau da safe, bayan asibiti sun sallamo shi da cewa a je gida a yi haƙuri, ya kira 'yarsa ya ce, "Kirawo mai farar rigar nan ya zuba mini ruwan. Inda uwarki ta tafi, can nake so."

Ta kira wayar Fada, limamin cocinsu, ta ji a kashe. Mai dafa masa abinci ta ce ya tafi jana'iza unguwar Madina, can ƙarshen gari. Ko da ya taso yanzu ma, yau Juma'a ce, an fara shimfiɗa tabarmi a titin Nima, mota ba za ta ratsa ba sai an sallame.

Zelia ta tuna wani ya taɓa cewa in abu ya yi tsanani, ba sai Fada ba. To wa ke nan? Mace ma? Da wane ruwa? Amsar tana cikin katikisim, babban littafin da ya tattara koyarwar coci, wanda ƙungiyar mata ta ba ta kyauta shekara goma sha bakwai da suka wuce saboda ba ta fashin Lahadi. Zelia Katolika ce ta gaske. Ta san waƙoƙi, ta san ranar da ba a cin nama, ta san wadda ta fi kowa ɗaurin kallabi a bencin gaba. Amma littafin nan, tsakaninta da Allah, sau ɗaya ta taɓa buɗe shi, shi ma don ta ga ko an rubuta sunanta daidai.

Ta fito tsakar gida a guje. Adiza, matar maƙwabcinta, na tsugune tana fifita gawayi a kurfoti.

"Sista Adiza, ba ki ga littafina ba? Babba, mai kauri, na coci?"

"Ei, wanda kike tokare ƙafar keken ɗinki da shi? Wannan ai yana wajen Malam tun bara waccan."

Malam Osumanu, mijin Adiza, ya fito daga ɗaki da farar jallabiya da buta a hannu, zai yi alwala. Jin an ambace shi ya tsaya, ya ɗan yi tari. Gaskiya ne, shi ya ɗauke. Ya ga littafin addini a ƙasa, ƙafar keke a kansa, kyankyasai na zagaya shi, zuciyarsa ta kasa ɗauka ko da ba addininsa ba ne. Ya sa bulo a madadinsa, ya kai shi saman kwabarsa. Daga baya ya fara leƙawa don ya samo abin da zai kayar da masu wa'azin da ke tare shi a cikin trotro, motar haya. Leƙe ya zama karatu, har ya sauke shi sau biyu yana jan layi da jan biro. A duk layin nan, har da masu rataya giciye a wuya, babu wanda ya san abin da Katolika suka yarda da shi kamar Malam Osumanu.

Zelia ta gaya masa abin da ake ciki. Fuskar Malam ta canza. Shekara tara yana zama da tsohon a bakin ƙofa, yana saya masa goro, yana lallaɓa shi ko zai yi kalmar shahada. Ga shi a ranar ƙarshe, ranar Juma'a ma, tsoho ya zaɓi ɗaya ɓangaren.

"Anti Zelia, bari in shiga in ƙara yi masa magana sau ɗaya."

"Malam, ya riga ya faɗi abin da yake so. Ni dai gaya mini, zan iya ko ba zan iya ba?"

Malam ya dubi sama. Lasifikar masallaci ta fara huɗuba. Da ya ce bai sani ba, da maganar ta mutu a nan, kuma babu mai kama shi, don babu wani mai karanta littafin. Adiza ta daina fifita, ta zuba masa ido irin na matar da ta san mijinta ciki da waje.

"Za ki iya," ya ce da ƙyar. "In rai na hannun Allah kuma babu Fada, kowa zai iya. Namiji, mace, har wanda ba ɗan cocinku ba, wai. Ni ban ce ki yi ba fa. Na gaya miki abin da littafinku ya ce ne kawai."

Ya shiga ya fito da shi a naɗe cikin tsabtataccen ƙyalle. Bai ko duba jerin babi ba, ya buɗe daidai wurin.

"Ruwa za ki zuba a kansa sau uku, kina faɗin kalmomin nan. Ga su. Ni bakina ba zai faɗe su ba."

Sai maganar ruwa. Famfo ya kwana huɗu bai ɗigo ba, jarkar Zelia ta ƙare a wankin zanin gado. Akwai kwalbar ruwan albarka da aka rabo a coci lokacin Ista, amma da ta buɗe sai warin barasa ya bugi hancinta. Tsoho ya daɗe da shanye albarkar ya cika kwalbar da abin da ya fi so. Daga cikin ɗaki aka ji wani tari mai tsawo, sannan shiru.

Adiza ta miƙe, ta zare butar daga hannun mijinta, ta danƙa wa Zelia.

"Adiza! Ruwan alwalata ne!"

"Ruwa ruwa ne, Malam. Littafin ya ce ban da na buta?"

Malam ya dubi littafin. Littafin bai ce ba, kuma shi ya fi kowa sanin haka.

Zelia ta durƙusa a gaban gadon. Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya ba su baya, wai ba ya ciki, amma kunnensa na ɗaki.

"Baba, za a sa maka sabon suna. Ka zama Bitrus."

Tsohon ya buɗe ido. Muryarsa ta yi siriri, amma taurin kan na nan daram.

"Bitrus wa? In na isa aka ce ga Bitrus, uwarki ba za ta waiwayo ba ko kaɗan. Ba ta san wani Bitrus ba."

"Malam!" Zelia ta kira. "Dole ne sai da sabon suna?"

"An fi son na waliyyi," in ji Malam, bai juyo ba. "Amma ban ga inda aka ce in babu shi ruwan bai kama ba."

To, sai sunansa na yanka ke nan. Nan Zelia ta tsaya da butar a hannu. Shekararta hamsin da biyu a duniya, ba ta taɓa furta sunan mahaifinta ba. Ko a asibiti da aka tambaye ta, katinsa ta miƙa. Kunya ta kama ta, tsoro ya kama ta, ga kuma baƙin cikin sanin cewa wannan ne karon farko kuma babu na biyu.

Ta tallafo kansa. Ta karkata butar, ruwa ya zubo siriri a kan furfurarsa.

"Bayuo," ta ce, muryarta na karyewa. Sannan ta faɗi sauran kalmomin, ba da Turancin littafin ba, da yaren garinsu, yadda uwarta ke faɗinsu. Ta zuba sau uku. Ruwan ya gangara ta bayan kunnensa ya jiƙa matashi.

Tsohon ya daɗe bai motsa ba, har Adiza ta dafe ƙirji. Can sai leɓensa ya ɗan ɗaga.

"Ashe kin san shi," ya ce. "Sake faɗa. Da ƙarfi, uwarki ta ji ina tafe."

Zelia ta ajiye butar, ta share fuska da gefen zaninta, ta ɗaga murya ta kira shi.