Layin da Aka Shafe a Allon Sansanoni

Da majalisar 'yan sikawut ta yankinmu ta kusa cika shekara sittin, sai aka kira ni in sabunta babban allon da ke ofishinta. Fenti da rubutun allo ne sana'ata. Allon katako ne, ya fi ni tsawo, an jera sansanoninsu a kai: na Dutse, na Gandu, na Bakin Kogi, kowanne da shekarar buɗe shi, da ta rufe shi in an rufe, da sunayen waɗanda suka jagorance shi.

"Ka yi a hankali," in ji sakatariyar ofishin. "Allon nan ya girme ka, kuma ya fi ka lafiya."

Na kwantar da shi a kan benci biyu na fara kankarewa. A ƙarƙashin Bakin Kogi akwai wani layi da aka shafe da koren fenti mai kauri. Ina kankara, haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har sunan yayana ya bayyana. Na ajiye wuƙar na zauna.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Yaya ne jagoran sansanin lokacin da kwalekwale ya kife da yara tara. Yaya ya fid da bakwai, ruwa ya tafi da biyu. Majalisa ta rufe sansanin, ta sallame shi. Ya koma ɗinki, kuma a gidanmu ba a sake ta da maganar ba.

Na kira shugaban majalisar, wani mai furfura da ƙyallen sikawut a wuya, na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Ina cikin kwalekwalen nan," ya ce. "Da kwalar riga ya fizgo ni. Ka mayar da sunansa, ni zan yi wa kwamiti bayani."

"Ranka ya daɗe, bari in tambaye shi tukuna."

Na sami Yaya a shagonsa yana kafa hannun riga. Na faɗa masa komai. Bai ɗaga ƙafa daga keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin, ya yanke zare da haƙori.

"Su fa? An rubuta su?"

"Su wa, Yaya?"

Ya faɗi sunayen yaran biyu, da na iyayensu, da shekarunsu, kamar jiya ya kira su a fareti. Ya ce ƙaramin ya ce masa bai iya ruwa ba, shi kuma ya ce masa ya shiga kwalekwalen, ba komai.

"Ka ga, ba ƙarya majalisa ta yi mini ba," ya ce. "Ka bar nawa yadda ka gan shi. Nasu za ka sa."

Na ce shugaba ya riga ya yi umarni. Ya ce shugaba yaro ne.

Washegari sakatariya ta zazzage akwatunan takardu har azahar. Akwai jerin tantuna, akwai na tukwane, amma ba takarda ɗaya mai sunan yaran. Daga bakin Yaya na rubuta su da farin fenti a ƙasan shekarar rufe sansanin. Layinsa na bar shi katako tsirara, haruffan suna ɗan nunawa.

Ranar da zan kafe allon, sai ga Yaya a bakin ƙofa, tef ɗin awo a wuya. Shugaba ya miƙe ya ƙame ya sara masa. Yaya ya ba shi hannu kawai, ya wuce wajen allon, ya sa tabarau.

"Na biyun nan," ya ce, "akwai harafi ɗaya da ka tsallake."

Na buɗe gwangwanin fenti. Ya tsaya a kaina har na gyara, sannan ya ce yana da ɗinkin da za a zo karɓa da la'asar.