Inda Madubin Direba Bai Kai Ba

A bakin ƙofa aka yi cinikin, kowa yana tsaye a tasa, taku huɗu a tsakani, don a zamanin annobar nan ko musabaha ta zama laifi.

"Baba, yara biyu ne kacal," in ji Mai Wanki, maƙwabciyar Baba Direba, muryarta na fitowa ta cikin takunkumi. "An rufe makaranta, mai renon ta koma garinsu, shugabarmu kuma ta ce in na sake fashin kwana ɗaya in nemi wani aikin. Daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma ne kawai."

Baba Direba ya sosa gemu, ya dubi rufin bene kamar mai nazari. Shekara arba'in ya yi yana jan babbar mota, kuma abin da hanya ta koya masa shi ne, duk wanda ya fara nuna yana so, shi ake tsawwala wa. Gaskiyar magana, tun da dokar kulle ta rufe wuraren sayar da abinci, shayi da burodi yake juyawa safe da yamma, har wandonsa ya fara neman ƙasa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, sai dai waya. Amma bai bar fuskarsa ta tona masa asiri ba.

"'Yata, reno ai ba layina ba ne. Ga suga, ga hawan jini, ke kuma a asibiti kike wuni kina wanke zannuwan marasa lafiya. Likita ya ce in cutar nan ta hau ni, ko birki ba za ta taka ba."

"Ba sai ka shigo ba. Zan bar ƙofata a buɗe, ka zauna a taka, ka sa ido."

"Idon ma ai yana shan mai."

Ta yi dariya, don ta gane inda ya dosa. "Abincin rana da na dare, kullum, da zafinsa."

"Da nama?"

"Yanka biyu."

"Uku."

"Biyu, Baba, da ƙashi in an samu. Amma sharaɗina ɗaya ne: kada su fita, kada kowa ya shigo. Ko wane ne."

"Na sallama," in ji Baba Direba. A ransa kuwa ya ce, banza ta faɗi. Zaman da dama yake yi kyauta, yau ga shi za a ciyar da shi a kansa.

Washegari da sassafe ya jawo wani tsohon madubin mota daga ƙarƙashin gado, na babbar motarsa ta ƙarshe, ya ɗaure shi da waya a jikin ƙofar Mai Wanki. Ya sa ta juya ƙofar wardirob ɗinta mai madubi, yana daga nesa yana ba ta hannu kamar mai shigar da tirela lungu. "Dama kaɗan. Ƙara. Ya isa!" Da ya zauna a kujerarsa, falo yana gabansa, uwar ɗaki tana cikin madubi, har rabin kicin yana hangowa.

Yaran kuwa, babbar shekararta tara, kowa Yaya yake ce mata, ƙaramin shekara huɗu, shi ne Auta. Ranar farko Baba ya juya musu baya yana gyara rediyo, sai kawai suka ji ya ce, "Auta, sauke ƙafa daga kan tebur." Auta ya daskare. Tun daga ranar ya yi imani Kaka, kamar yadda suke kiran Baba, yana da ido a ƙeya, har yana leƙen bayan hularsa daga nesa ko zai ga yana ƙiftawa.

Bai daɗe ba ya gane banzar ba ta faɗi yadda ya zata ba. Yaro a kulle kamar mota ce a gangare, in ba ka ba ta hanya ba ita za ta nemi tata. Sai ya mai da wunin tafiya. Aka jera kujerun falo suka zama mota, Yaya kwandasta, Auta fasinja, shi kuma yana tuƙi daga ƙofarsa da murfin tukunya. Akwai tashar wanke hannu, akwai tashar karatu, inda Yaya take karanta aikin da malamarsu ta turo ta waya. Baba bai yi nisa a boko ba, amma duk inda ya ji ta yi tuntuɓe sai ya ce, "Kunnena ya tsufa, sake," har sai ta wuce wurin sumul.

Wata rana Auta ya ƙi hawa mota, ya zauna a dokin ƙofa ya ce, "Kaka, cutar za ta kama Mama?"

"Wa ya gaya maka? Mamanka ai ita cutar ke tsoro. Kullum sai ta jefa ta a ruwan zafi ta murɗe mata wuya ta shanya ta. Hau mota, muna da nisa."

In rana ta yi tsaka, Yaya za ta ɗauko kular abincinsa daga kicin, ta ɗora a tire, ta turo masa da sandar goge ƙasa har gaban kujera. Sati biyu Baba yana ci yana gyatsa, wando ya koma mazauninsa.

A sati na uku ne kula ta fara sauƙi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: shinkafar da take kai wuyan kula ta koma ƙirji, yanka biyu ya zama ɗaya da rabi, daga baya ɗaya da guntun albasa. Baba ya kaɗa kai. Ya san wannan wasan. Haka masu kaya suke, ranar lodi ka zama ɗan'uwa, in mota ta hau hanya a fara yi maka ƙwange.

Da yamma ya tare Mai Wanki tana cire takalmi. "'Yata, nama ya yi tsada a gari ko?"

"Komai ya yi tsada, Baba. Amma biyunka ban taɓa fasawa ba."

Ya ce, "To, madalla." A ransa ya ce, kowa ma haka yake cewa. Ya yanke shawarar zai ba ta kwana uku, in kula ba ta dawo hayyacinta ba, idonsa zai fara ciwo.

Rana ta biyu cikin ukun, ana tsakiyar tafiya, Yaya tana kiran tasha, Auta yana zaune a kujerar baya da filo a matsayin kaya, dukansu biyu a gaban idonsa, sai aka yi atishawa a kicin.

Motar ta tsaya cak. A zamanin nan atishawa ta fi ƙarar bindiga tsinka zuciya.

"Wane ne?" in ji Baba.

"Kyanwa ce," in ji Auta da sauri.

Daga kicin wata siririyar murya ta ce, "Alhamdu lillahi."

Baba ya ajiye murfin tukunya. "Kai, wannan kyanwa ta samu tarbiyya. Ku ce mata ta fito mu gaisa."

Sai ga wata yarinya ta leƙo, ba za ta wuce shekara shida ba, makulli rataye a wuyanta da igiya, cokali a hannu, miya a haɓa. Baba ya san ta: 'yar Mai Babur ce, mai kai wa mutane saƙo gida-gida, wanda ɗakinsa ke bayan na Mai Wanki. Yaya ta sunkuyar da kai ta zayyana komai. Dokar kulle ta rutsa da uwar yarinyar a wani gari, uban kuma yakan fita tun safe ya bar ta da burodi da ruwa, ya ce ta kulle ta ciki. Yaya ta ji kukanta ta barandar shanya, kuma a ƙasan katakon da ya raba barandun akwai kafa daidai shigar yaro. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana wuni a bayan firji, daidai inda madubi bai kai ba.

"To me ya sa kulata?"

"Namu a falo muke ci, kana gani," in ji Yaya. "Taka ce kawai a kicin."

Baba ya ji kamar ya nutse. Shi da ya sha gaya wa sababbin direbobi cewa kowace mota tana da gefen da madubi ba ya gani, kuma can ne hatsari yake kwana, ga shi 'yar shekara tara ta yi masa lodi a gefen.

Yaya ta matso har bakin ƙofa, ta rage murya. "Kaka, in ka gaya wa Mama, za ta ce madubinka ba ya aiki. Za ta fasa. Ita yarinyar a kore ta, kai kuma ka koma shayi."

"Ke, wa ya koya miki ciniki?"

"Ai ina ji ranar da kuka yi."

Ya wuni yana juya maganar. Yaya ba ta yi ƙarya ba. In ya yi shiru, kowa ya ci gaba da cin abincinsa. Amma Mai Wanki tana shiga asibiti kullum, Mai Babur yana shiga gida ashirin a rana, ga yara uku suna shaƙar numfashin juna ba wanda ya sani. In wani abu ya ɓullo, a kujerarsa za a zo a tsaya. Direban da ya ji ƙara a inji ya ƙara wa rediyo murya, shi ake samu a rami.

Ƙarfe biyar ya ji hawowar Mai Wanki, ya kuma aika Yaya ta ƙwala wa Mai Babur kira ta baranda, don shi ma ya riga ya dawo. Suka tsaya su uku a soron bene, kowa a kusurwarsa, Baba ya faɗi abin da ya faru bai rage ba.

"Baba!" in ji Mai Wanki, ta dafe kai. "Sharaɗi ɗaya! Ɗaya tak na ba ka!"

"Na karya shi, ban musa ba. Har zarginki na yi da ƙwangen nama, ki yafe wannan ma."

Mai Babur sai murza hular kwano yake a hannu. "Wallahi, ban sani ba. Ni dai na ga ta daina kuka, har kumatu ta yi, na ce ko burodin ne ya karɓe ta."

"Burodi!" in ji Baba. "Namana ne a kumatun nan."

Mai Wanki ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata ta cikin takunkumi. Baba ya ga ƙofa ta buɗe, ya danna kai.

"Ku saurara. Kwana goma sha ɗaya suna tare, toshe kafar yau taka birki ne bayan an faɗa rami. In kun toshe ma wannan kwandastar za ta buɗe wata. Gobe a yi wa kowa gwaji. In an fito lafiya, gida biyun su zama ɗaya. Kai, ka riƙa yi mata cefane, ta huta da cunkoson kasuwa, in ka dawo kuma ka yi wanka ka sauya kaya kafin ka taɓa yaro, yadda take yi. Yarinya ta riƙa shigowa ta ƙofa, inda zan gan ta."

Mai Wanki ta dubi yarinyar, wadda ta maƙale a bayan Yaya tana wasa da makullin wuyanta. Ta yi ajiyar zuciya. "A fara gwajin tukuna."

"Sai kuma maganar fasinja na uku," in ji Baba, yana gyara hula. "Mota ta ƙara nauyi. Yanka uku."

"Kwana goma sha ɗaya kana gyangyaɗi a sitiyari, Baba. In lissafi za a yi, ragi ya kamata. Biyunka dai, amma yanzu za su iso cikakku."

Gwaji ya fito lafiya ga kowa. Aka matsar da firji jikin bango, aka ƙara kujera ɗaya a mota, aka ci gaba da tafiya har ranar da aka buɗe makarantu.

In ana maganar riba, Mai Wanki ta tsira da aikinta, ta kuma huta da kasuwa. Mai Babur ya daina tuƙi da rabin hankali a gida. Yarinya ta fito daga bayan firji ta samu kujerar gaba, Yaya kuwa ko tsawa ba a yi mata ba. Wanda ya faɗi shi ne Baba Direba, kuma da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare: shekara arba'in a hanya ba wanda ya taɓa hawa motarsa kyauta, sai da ya yi ritaya ya ɗauki fasinja uku a ladan biyu, har wata huɗu.