Keke Biyu Zuwa Dapaong

"Kwance, Issifou. Kwance duka, ka sake."

Karo na uku ke nan Baba Muhyiddeen yana sa ni in kwance igiyar. Yana zaune a kan benci a ƙofar gidansa a nan Zangon Sokodé, ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga takalmi, amma idonsa na kan hannuna. Na ce masa shekara ashirin na yi ina tuƙa motar doya, ba yau na fara ɗaure kaya ba. Ya ce doya ba ta da feda.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Gyaran keke ne sana'arsa tun ban san kaina ba, kuma shi da kansa ya zana wa mai walda ƙarfen da ya maƙala a bayan 'yar ƙaramar motarsa, mai hannu biyu da ake rataya keke a kai. Ƙa'idodinsa kuwa sun fi na jandarma yawa. Keke mai nauyi shi ne a jikin mota, mara nauyi daga waje. Kan wannan ya kalli dama, na wancan ya kalli hagu. Tsumma a tsakaninsu don kada su goge wa juna fenti. A ɗaure kowace taya da robar da ya yanka, a ɗaga ta nesa da salansa kada zafi ya cinye ta, kuma lamba da fitilun baya su fito fili. Da na gama, sai da ya sa na kama kekunan na jijjiga. Ya ce in motar ba ta motsa tare da su ba, to ban yi komai ba.

Keke biyu ne, duka na mata. Shuɗin na jikarsa Nabila ne, wadda ta samu lise, wato babbar sakandare, nesa da gidansu a Dapaong. Koren kuma na uwarta ne, Ruƙayyatu, 'yarsa tilo. Duk unguwa an san labarin. Tana yarinya ta roƙe shi keke don makarantarta ta yi nisa, shi kuma ya ce 'yar gidansa ba za ta ware ƙafa a kan ƙarfe ta ratsa Zango ba. Mutumin da ya koya wa 'ya'yan rabin gari hawan keke, ka ji fa. Ta yi shekara ɗaya tana zuwa a ƙafa, ta gaji, ta bar makarantar. Tun da ta yi aure ta tafi arewa, gaisuwar Salla kawai ke haɗa su a waya, ita ma kalma uku.

Da likita ya sallamo shi ya ce a je gida a ci gaba da magani, sai ya ɗauko koren keken nan ya yi sati uku yana aiki a kansa. Har matata Zalia ya kira ta tsaya a gefensa, wai tsayinsu ɗaya da Ruƙayyatu, ya saita sirdin daidai ƙugunta. Na ce masa ya bari in kai su, shi ya kwanta. Ya ce a'a.

"Akwai maganar da zan faɗa mata, kuma da bakina zan faɗa. Kai dai ka tuƙa."

Mun tashi bayan an karya kumallo. Ko Sokodé ba mu gama fita ba ya buga gaban mota da yatsa biyu, ya ce in tsaya a duba igiya, wai a farkon tafiya kaya ke zama, roba ta saki. Na fita ina ƙunƙuni. Abin haushi, ta saki ɗin. Daga nan fa ya samu abin yi. Kafin Bafilo ya buga. A Kara ya buga. Bayan gangaren Défalé ya buga. In na taka mota ya ce iska na jan kekuna, in na shiga rami ya ja tsaki. Na ce Baba, a haka sai gobe za mu isa. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya daɗe bai dawo daidai ba.

A Kanté muka yi azahar, shi a zaune cikin mota. Na sayo masa kunu, ya kurɓa sau biyu ya miƙo mini. Ya tambaye ni ko ina ganin Ruƙayyatu za ta karɓa. Na ce wa zai ƙi keke sabo fil haka? Ya ce ba keken yake nufi ba. Na tayar da mota.

A Mango ya buga na ƙarshe, a hankali. Na duba, komai daram. Bayan nan ya jingina kansa da gilashi, hularsa ta ɗan karkace. Muka yi tafiya mai nisa bai buga ba, kuma wallahi daɗi na ji. Na ce tsoho ya yi barci, bari in ci hanya. Wannan daɗin da na ji shi ne yake hana ni sakewa har yau.

Dab da Bombouaka na hango a madubi tsumman tsakanin kekunan yana kaɗawa. Na gangara gefen titi, na cusa shi, na ƙara jan roba. Na dawo ina cewa, "Baba, ka ga wannan karon da kaina na tsaya." Bai amsa ba. Na taɓa hannunsa.

Na daɗe a tsaye a bakin titin nan. Manyan motoci na wucewa zuwa iyaka, iskarsu na girgiza 'yar motar. Na yi salati, na rufe masa ido, na gyara masa hula. Saura tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Na lissafa tsaye-tsayen da muka yi, sun haura awa guda, na ji haushinsa ya kama ni, sannan na ji kunyar haushin.

A asibitin Dapaong suka tabbatar ya cika. Wahab, mijin Ruƙayyatu, shi ya tsaya a kan komai, aka yi masa sutura kafin magariba. Duk wannan zirga-zirgar kekunan na rataye a bayan mota, har maƙabarta suka bi mu.

Washegari da safe na kwance su a ƙofar gidan. Ko ƙwarzane babu a jikinsu. Nabila ta karɓi nata ta shige da shi tana kuka. Ruƙayyatu ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi, ta kalli koren, ta tambaye ni na wane ne. Na ce nata ne.

"Me ya ce ka faɗa mini?"

Na so in ƙirƙiro mata wani abu mai daɗi, Allah ya sani. Na kasa. Na ce bai ba ni saƙon ba, ya ce da bakinsa zai faɗa. Abin da na sani kawai, sati uku ya yi a kan keken, kuma da Zalia ya auna sirdin.

Ta sauko ta tsaya a gefen keken. Sirdin ya zo mata daidai ƙugu.

"Ai ban iya ba," in ji ta.

Ta kama kan keken da hannu biyu, ta tura shi a hankali zuwa cikin gida. Robar da na manta ban kwance ba tana riƙe da tayar baya, tayar na jan ƙasa, ta bar layi tun daga ƙofa har tsakar gida.